Gonar da Na Share Saboda Baƙi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Yanzu har tabarau nake nema yana kan hancina. Amma akwai rana ɗaya da ba za ta fita daga raina ba har Ubangiji ya kira ni, wato ranar da na tara mutanen ƙauyenmu muka yi gayya, muka cinna wa ajin 'yata wuta, muna waƙa muna shan kunu.

Ni manomin citta ne daga wani ƙauye a ƙasar Kagoma, ba nisa da Kafanchan. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan abin da na ƙara a ajin Littafi Mai Tsarki. Amma akwai fannin da ko mai digiri bai isa ya ja da ni ba a lokacin, shi ne tarbar baƙi. Tun ina saurayi, in manyan ikilisiya za su zo, ko ciyaman, ko wani ɗan gari da ya yi suna a birni, ni ake kira. A wurinmu baƙo ba ya ganin daji. Za a sassabe hanya tun daga bakin titi, a ƙone ciyawa, mata su share har ka ga sawun tsintsiya a ƙasa, a jera duwatsu a shafe su da farar ƙasa, a kafa ganyen kwakwa hagu da dama. Wanda ya bar baƙo ya taka ciyawa ya zubar da mutuncin gari. Haka muka taso muka tarar, kuma ni ne mai riƙe da wannan aikin.

'Yata ta fari ita ce ta yi karatu mai zurfi a gidanmu. Tana koyarwa a sashen noma na jami'ar da ke kusa da mu, mutanen gari suna kiran ta Dakta. Wata rana da kaka ta zo gida ta same ni ina tsaga citta don shanya. Ta ɗauki wuƙa ta zauna tana taya ni, sai ta ce, "Baba, ka san inda wannan cittar take zuwa?"

Na ce, "Kasuwa mana."

"Daga kasuwa fa?"

"Babbar mota. Legas."

"Daga Legas fa?"

Na ce, "Wannan kuma ruwan masu jirgi ne, ni na gama nawa."

Ta yi dariya ta ce abin da yake damun ta ke nan, ɗalibanta ma amsar da suke bayarwa ke nan. Ta ce wannan cittar da nake tsagawa tana shiga shayin mutumin da bai taɓa jin sunan Kagoma ba, kuma masu saye a can sun fara tambayar yadda aka noma ta, ko an sare daji, ko an cika mata magani. Ta ce ɗalibai suna gama jami'a sun haddace littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi, ba su san ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsu ba, ba su kuma san duniyar da amfanin gonarsu yake zuwa ba. Saboda haka tana tsara wani sabon kwas da take so a saka a manhajar jami'a, na yadda za a ci amfanin ƙasa ba tare da an kashe ta ba. Rabin karatun a aji, rabi a gona. Kuma ta samu wata malama a wata jami'a a ƙasar Indiya, a yankin da su ma citta suke nomawa a kan tuddai. Ɗaliban can za su riƙe gonarsu, na nan su riƙe tasu, su riƙa nuna wa juna ta waya abin da kowa ya gani, su gwada.

Na gyaɗa kai kamar na gane. Gaskiya abin da na riƙe kawai shi ne, 'yata tana magana da Indiya. Shi na kai majami'a na ba da labari.

Gonar da take nufi kuwa tsohuwar gonar mahaifina ce, can gindin dutse kusa da rafi. Mun noma ta har ta gaji. Citta ta daina yi, masara ma in ta fito sai ta tsaya a gwiwa ta yi ja. Tun da daɗewa ta roƙe ni in ba ta, na ba ta ba tare da ciwon zuciya ba, domin ba na samun komai a ciki. Na zaci taki za ta zuba. Sai na ga ta shuka wani wake mai yaɗo ta bar shi ya mutu a wurin, ta dasa 'ya'yan ɗorawa, ta sa ana kwaso ganye ana zubawa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba huɗa ba girbi. Wurin ya koma surƙuƙi.

Mutane kuwa suka samu abin magana. Akwai wani abokina da muke zama benci ɗaya a majami'a, bakinsa ba ya hutawa. Da yake ni dattijon ikilisiya ne, in ya gan ni sai ya ce, "Elda, sannu fa! Dakta ta yi karatu har ta gaji, ta dawo tana noman ciyawa. Yaushe za a girbe, a ba mu namu?" Ina dariya tare da su, amma abin yana ci na a ciki.

Ana cikin zafin bazara, kafin ruwan farko, ta kira ni a waya ta ce kwamitin jami'a zai zo ya ga gonar. Su ne za su ce ko kwas ɗin zai shiga manhaja ko ba zai shiga ba. Farfesoshi ne, kuma malamar Indiya za ta kalla ta waya. Sannan ta ce, kuma ina jin muryarta har yau, "Baba, don Allah kada a taɓa komai a gonar nan. Ko kara ɗaya. Yadda take haka nake so su gan ta."

Na ce, "To, na ji."

Na ji ɗin kuwa, ba wai ban fahimci Hausarta ba. Amma da na ajiye wayar sai na ce a raina, yarinyar nan tana tausayina ne, ba ta so in wahala. Kuma ta daɗe a cikin littattafai ta manta yadda ake yi. Farfesa guda ya taso ya zo ƙauyenmu, har da mutuniyar Indiya tana kallo, a nuna musu daji? A ce wannan ce gonar gidan Elda? Ina raye? Matata ta ce, "Ita fa ta ce a bari." Na ce mata, "Ita ta san jami'a, ni na san baƙi."

Ranar Lahadi bayan sujada na tashi na yi sanarwar gayya. Ban taɓa ganin an amsa gayya kamar wannan ba, domin kowa yana alfahari da Dakta ko da yana yi mata dariya. Maza suka fito da adduna, zumuntar mata ta majami'a suka zo da tsintsiya da manyan tukwanen kunu. Muka faɗa wa surƙuƙin nan. Wake mai yaɗo muka janye shi kamar ana naɗe tabarma. 'Ya'yan ɗorawa da suka kai ƙirjina, na ce a bar biyu a bakin hanya don kyau, sauran a sare. Muka tara, na karɓi ashana da hannuna na kyasta.

Akwai abin da na gani a ranar wanda ya kamata ya tsayar da ni. Da muka yaye ganyen, ƙasar da ke ƙasa baƙa ce wuluk, da laima, tsutsotsin ƙasa suna motsi, tana ƙamshi kamar an yi yayyafi, alhali ko'ina a gari ƙasa ta bushe ta tsage. Na gani da idona. Na ce a raina, ashe nan akwai danshi, zai sa macizai. Na ce a ƙara wuta.

Wuta tana ci sai ga maƙwabcinmu Bafulatani, wani dattijo da rugarsu take bayan dutse tun zamanin iyayenmu. Ya tsaya ya dogara da sandarsa yana kallon hayaƙi. Ya ce, "Baban Malama, lafiya? Gobara ce?"

Na ce, "Wace gobara? Gyara muke yi, manyan baƙi za mu yi."

Ya dubi inda muka sassabe. Can ya ce, "Ba nan ne Malama ta zo har ruga ta roƙe ni kada shanuna su shiga ba? Tun daga ranar nake zagayawa da su ta bayan dutse kafin su sha ruwa. Yarana suna ta ƙorafi, ga hanya kusa." Ya sake kallon wutar ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ya juya ya tafi.

Maganar ta ɗan taɓa ni, amma ganga tana tashi, mata suna waƙa, abokina yana cewa yau dai gonar Elda ta ga wanzami. Kafin rana ta faɗi wurin ya zama fili fetal. Muka jera duwatsu muka shafa farar ƙasa, muka kafa rumfa a tsakiya. Na tsaya na duba na ce ko gwamna ne zai zo, mun fita kunya.

Ta iso da sassafe ranar da baƙin za su zo, a kan mashin, don ta riga su. Ina tsaye a bakin gonar cikin babbar rigata ta zuwa majami'a, ina jira in ga murnarta. Ta sauka. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta taka a hankali cikin toka har tsakiyar fili, ta sunkuya ta ɗauki guntun ɗorawa da ya ƙone, tana juya shi a hannu. Ta daɗe a haka. Sannan ta juyo, idonta ya yi ja, ta ce, "Baba, sannu da aiki."

Na sha zagi a rayuwata, na sha faɗa da mutane a kan iyakar gona. Ba abin da ya taɓa shiga jikina kamar wannan gaisuwar.

Na fara cewa, "Ai saboda baƙi..." Ta ce, "Abin da za su zo gani ke nan, Baba. Ganyen nan. So nake Farfesa ya sa hannunsa a ƙarƙashi a cikin wannan zafin ya ji sanyi. Shi ne ajin. Ba ni da wani ajin."

Ba mu samu lokacin ƙara magana ba, motar jami'a ta iso. Zumuntar mata suka tashi da waƙar maraba, ba su san abin da ake ciki ba. Shugaban kwamitin wani Farfesa ne mai furfura, ɗan ƙasarmu ta kudancin Kaduna, sauran suna biye da shi. Aka zaunar da su a rumfa, aka yi addu'a, aka kawo ruwa. Ya sha, ya duba hagu ya duba dama, ya ce, "To Dakta, mu je gonar ko, kafin rana ta yi zafi?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a cikinta kake zaune."

Ya dubi ƙasa. Ya dubi toka, ya dubi fararen duwatsu da ganyen kwakwa, sannan ya dube ni cikin babbar rigata. Ba wanda ya gaya masa komai. Ya cire tabaransa ya goge, ya ce, "Baba, kai ne shugaban tarbar baƙi, ko?" Na ce ni ne. Ya ce, "Na sani. Da mahaifiyata tana nan, da ita za ta riƙe maka ashana." Mutane suka yi dariya, ni ban iya ba.

Ya ce ba zai ɓoye mana ba, kwamiti ba zai iya amincewa da karatun gona ba alhali babu gonar. Amma kada wahalar Dakta ta tafi a banza, akwai hanya mai sauƙi. Za su amince da kwas ɗin a matsayin karatun aji kawai. A cire zuwa gona. Haɗin da Indiya ma sai a ajiye shi, tunda ba abin da za a gwada da nasu. Ɗalibai su karanta, su rubuta jarrabawa, su wuce. Ya ce in ta yarda, a zangon karatu mai zuwa za a fara, kuma zai taimaka mata wajen ƙarin girma da take jira.

Kowa ya zuba mata ido. Ni a raina ina cewa ta karɓa, ta karɓa, ko nauyin da ke kaina ya ragu.

Ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe, amma a'a. Irin wannan kwas ɗin muna da su da yawa. In ɗalibi zai koyi raya ƙasa bai taɓa ƙasa ba, gara kada a fara. Zan janye, in sake kawowa."

Ya ce, "Kin san ba kowace shekara ake buɗe manhaja ba."

Ta ce ta sani.

Ana haka wayarta ta yi ƙara, malamar Indiya ce, tana jira a nuna mata gona. A wurin ba sabis sosai, sai da muka hau kan wani falalen dutse, Farfesa yana haki, 'yata ta ɗaga wayar sama tana juyawa don matar ta ga filin. Na leƙa na ga wata mace mai farin gashi da ɗigo a goshi. Ta ga toka, ta dafe baki. Suka yi ta Turanci da sauri, ban kama ko rabi ba. Sai na ga matar tana dariya tana girgiza kai, tana nuna ni da yatsa.

Na ce, "Me take cewa? Zagina take yi?"

'Yata ta ce, "A'a. Ta ce in gaishe ka. Ta ce a ƙauyen mijinta ma akwai irinka, kuma har yau ba ta ci nasara a kansa ba. Ta ce ɗalibanta sun iya auna ƙasa, amma in sun koma gida ba mai iya buɗe baki a gaban kakansa." Ta ƙara saurarawa, sannan ta ce, "Ta ce kada mu ɓoye ƙunar. A raba filin biyu, rabi a ci gaba da share shi ana ƙonawa yadda aka saba, rabi a sake rufe shi. Ta ce za ta jira mu."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe Farfesa, a ba ni dama. Ni na ƙone, ni zan tayar. Ku dawo ku gani."

Ya ce, "Baba, ƙasa ba ta jin umarnin kwamiti fa. Ba a yi mata gaggawa."

Na ce, "Ni ma ba inda za ni."

Bayan sun tafi, mutane sun watse jiki a sanyaye, 'yata ta ce in biyo ta. Can ƙarshen gonar, dab da rafi, akwai wani ɗan lungu da wuta ba ta kai ba, bai fi faɗin tabarma ba. Ta ce in durƙusa. Na durƙusa da babbar rigata. Ta kama hannuna kamar yadda nake kama nata tana ƙarama in za mu tsallake rafi, ta cusa shi ƙarƙashin ganye. Sanyi na ji har gwiwar hannu. Ƙasar tana marmashewa a yatsuna kamar garin acca. Wannan gonar da na sani tun ina yaro, wadda na yanke mata hukuncin mutuwa, ashe tana dawowa, ni kuma na bi ta da ashana.

Na ce, "Ki gafarce ni." Ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa wannan kalmar ba sai ranar.

Ta ce, "Na yafe, Baba. Ni ma da nawa. Na yi wa farfesoshi bayani, na yi wa Indiya bayani, na je ruga na zauna na yi bayani. Kai kuwa umarni kawai na ba ka a waya. Da tun farko na kawo ka nan na sa hannunka."

Na ce kada ta ɗauke mini kayana, umarnin ma ai ya isa in da ni mai ji ne.

Washegari na fara. Abu na farko, na hau dutse na je ruga, abin da na daɗe ban yi ba. Dattijon nan ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka kawo nono. Na ce na zo roƙo biyu, ya yi haƙuri da zagayen da ya sha a banza, kuma ya kawo shanunsa su kwana a rabin filin kafin ruwa ya sauka, su bar mana taki. Ya yi murmushi ya ce, "Da an hana su shiga, yanzu kuma ana gayyatar su. Ku mutanen boko sai a hankali." Na ce ni ba ɗan boko ba ne, uban 'yar boko ne, wahalar ta fi yawa. Ya kawo su.

Ranar Lahadi na sake tashi a majami'a, a daidai inda na yi sanarwar gayya. Na ce aikin da na sa su kuskure ne, nawa ne ni kaɗai, kuma daga yau rabin gonar nan da ke wajen rafi ba mai shiga da adda ko ashana. Na ce in wani yana da ganye ko ɓawon masara ko ƙaiƙayin da zai ƙone, ya kira ni in zo in kwashe. Sai abokina ya ce daga benci, "Elda ya zama bola ke nan!" Majami'a ta fashe da dariya, har Fasto.

Sunan ya bi ni. Ina tura baro cike da ganye ta tsakiyar gari, ana cewa ga mai gadin ciyawa. Mutumin da aka sani da share gari, yau shi ne mai kwaso shara yana kaiwa gona. Ba zan ce bai yi mini zafi ba. Amma duk lokacin da na ji kamar in bari, sai in tuna "sannu da aiki", in ƙara ɗaura ɗamara. Na sake shuka waken nan mai yaɗo yadda ta nuna mini. Na tsiro da 'ya'yan ɗorawa a tsofaffin ledojin ruwa a bayan ɗakina, na dasa, awaki suka cinye, na sake dasawa na kewaye da ƙaya. Da rani ya zo na share layi mai faɗi kewaye da wurin saboda wutar masu farautar gafiya. Sau ɗaya wutar ta zo har bakin layin, ni da matata muka tare ta da ɗanyen ganye, gashin hannuna duk ya babbake. Ɗaya rabin kuma na ci gaba da share shi ina ƙonawa, kamar yadda matar Indiya ta ce. Wannan ɓangaren ba wanda ya koya mini, na iya shi tun da.

Ba a kyauta abin ya tafi ba. Ɗaliban da ya kamata su fara kwas ɗin sun gama sun tafi ba su samu ba. Ƙarin girman 'yata ya yi jinkiri, waɗanda suka shiga aiki bayanta suka wuce ta. Ba ta taɓa faɗa mini ba, a bakin mahaifiyarta na ji. Kuma ɗorawar da muka sare da yanzu ta yi inuwa. Waɗanda na dasa ban sani ba ko zan ga kalwarsu.

Da lokacin sake duba manhaja ya zagayo, kwamiti ya sa rana, a cikin bazara kamar wancan karon. Samarin gari suka zo suka ce, "Elda, yaushe gayya?" Na ce babu. Wanda ya fi shan wahala a wannan makon matata ce. Sai in gan ta ta ɗauki tsintsiya ta nufi hanyar gona, in ce, "Mama, ina zuwa?" Ta ce, "Hanya kawai, hanyar ma ba za a share ba? Mutane za su ce ba mace a gidan nan." Muka daidaita a kan ta share ƙofar gida ta dafa abinci, iyakarta ke nan.

Farfesan nan ne ya sake jagorantar su, ya ƙara tsufa, ni ma haka. Ba rumfa, ba waƙa, ba farin dutse. Ya taka ciyawa da takalminsa mai sheƙi, ƙaya ta kama masa wando, na ji kunya, na daure. Ya tsaya a kan iyakar rabi da rabi. Ya buga diddige a ɓangaren da nake ƙonawa, ƙasa ta amsa kamar siminti. Ya tsallaka ɗaya ɓangaren ya tsuguna da ƙyar, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu a ƙarƙashin ganye. Ya damƙo ƙasar yana murzawa. Sannan ya ɗago ya ce, "Baba, yau ka tarbe ni."

Kwas ɗin ya shiga manhaja yadda ta so shi, da gonarsa da Indiyarsa. Ta kuma ƙara wani abu da babu shi a tsarin farko. Kowane ɗalibi, na nan da na can, dole kafin ya gama ya koma gida ya sami wani babba a danginsa, ya zauna da shi, ya saurari dalilin da ya sa yake yin abin da yake yi, sannan ya nuna masa abin da ya koya, da hannu ba da baki kawai ba. Ya dawo ya ba da labarin yadda suka ƙare, ko an kore shi ne ma ya faɗa. Ta ce wannan sashen ya fi ba su wuya fiye da jarrabawa.

Yanzu in motar ɗalibai ta zo, nakan je in zauna a kan falalen dutsen nan. Suna auna ƙasa, suna ɗaga waya sama suna gardama da takwarorinsu na can a kan wa ya fi iya lulluɓe citta. Na ga gonar Indiya da idona a waya, tudu ne kamar namu, ja kamar namu. Wani lokaci ɗalibai sukan tambaya wa ya ƙone wancan rabin, sai in ɗaga hannu. Abokina mai baki kuwa, bara na kama shi yana zuba ɓawon masara a gonarsa. Na ce, "Yaushe za a girbe, a ba mu namu?" Ya ce in tafi in ba shi wuri.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, ban lalata gonar nan don ƙiyayya ba. Da ƙauna na yi, da alfahari da 'yata, da al'adar da na iya fiye da kowa, kuma shi ya sa ban tsaya na yi tambaya ba. Mutum yakan yi ɓarna mafi girma a wurin da ya tabbata ya fi kowa sani. In ɗanka da ka tura makaranta ya dawo ya ce kada ka taɓa wani abu, kada ka ce to alhali ka riga ka yanke naka a zuci. Ka ce ya kai ka ya nuna maka. In kuma ka riga ka kyasta ashanar kamar ni, kada ka tsaya a ba da haƙuri. Ka nemi baro ka fara kwaso ganye, ko za a yi maka dariya daga nan har Kafanchan.